Manaja ya ce magani lafiya lau yake, ma'aunin firiji ya ce a'a

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina aiki a siton wani kamfani mai rarraba magunguna, ni ke riƙe da rajistar firiji. Wata huɗu ke nan da aka kawo mana sabon manaja. Ya sauya mana jadawalin aiki da yadda muke jera kaya, kuma a ganina tsohon tsarin ya fi, amma na yi shiru. To daren Asabar wuta ta ɗauke, janareta bai tashi ba. Na'urar da ke naɗar sanyin firiji ta nuna zafi ya kai digiri 14, kuma ya yi awa 9 yana sama da digiri 8. Akwai insulin da alluran rigakafi a ciki. Da na kai masa maganar, ya ce ya duba, kaya lafiya lau suke, in cike rajista kamar kullum in sa hannu. Da na yi ƙorafi ya ce shi aka naɗa, shi zai amsa tambaya, abin da ya yanke shi ne daidai. Na gaya wa mahaifina, ya ce bin na gaba bin Allah ne, in yi abin da aka sa ni. Har yanzu ban sa hannu ba, kuma ba na samun barci. Shin idan mai iko ya yanke hukunci, ya zama daidai ke nan? Ko ni ne mai taurin kai?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba taurin kai kake yi ba, kuma kada ka sa hannu a kan lambar da ba ita ma'auni ya nuna ba. Za mu zo kan tambayarka ta iko da gaskiya, amma magungunan nan ba za su jira mu gama muhawara ba, don haka da su za mu fara.

Duk abin da ya kwana a firijin nan daren Asabar, a ware shi yau. A bar shi cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, a tara shi a kanta guda, a manna masa takarda da manyan haruffa cewa kada a fitar. Kuskure biyu ake yawan yi a wannan gaɓa. Wasu su ce ai ya riga ya lalace, su fito da shi su ajiye a kan tebur, sai maganin da zai iya tsira ya ƙarasa lalacewa a hannunsu. Wasu kuma su ƙure sanyin firiji ko su tura kayan gidan ƙanƙara wai don a rama abin da aka rasa, alhali daskarewa ta fi wancan ɗumin ɓarna ga insulin da alluran rigakafi irin na ciwon hanta nau'in B. Bayan warewa, ka sauke bayanan na'urar tun kafin sabon bayani ya hau kan tsoho. Abin da za a nema a wurinka shi ne lokacin da zafi ya haura digiri 8, ƙololuwar abin da ya kai, lokacin da ya dawo daidai, sai sunan kowane magani, lambar rukuninsa da ke jikin kwali, ranar ƙarewar wa'adinsa da yawan kwalabensa. Idan kwalaben rigakafin na ɗauke da ɗan tambarin nan na murabba'i a cikin da'ira, ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda murabba'insa ya yi duhu daidai da da'irar, ko ya fi ta duhu, ya gama aiki.

Wanda zai ce kayan nan sun tsira ko ba su tsira ba shi ne kamfanin da ya haɗa su, domin shi ke da sakamakon gwajin da ya nuna awa nawa maganinsa ke jurewa a digiri nawa. Ana aika masa waɗancan bayanai ta hannun mai lasisin harhaɗa magunguna da ke kula da siton, ya ba da amsa a rubuce.

Ga wani abu da ya kamata ka riƙe: mai yiwuwa manajanka ya yi daidai game da wasu daga cikin kayan. Nau'o'in insulin da yawa suna jure zafin ɗaki har kusan kwana 28, don haka awa 9 a digiri 14 ba lalle ya taɓa su ba. Amma ɗigon rigakafin shan inna, alal misali, yana cikin waɗanda suka fi kowa rashin jure zafi. Matsalar ita ce maganin da ƙarfinsa ya ragu ba ya sauya kama. Ruwan yana nan garau, kwalba tana nan a rufe. Saboda haka "na duba" ba ta gaya mana komai ba, ko da wa ya faɗe ta. Idan amsar kamfani ta zo aka ce kayan lafiya lau, sinadarin maganin ne ya jure, kuma da masinja ne ya yi wannan hasashen, da shi ma ya dace.

Wannan ya kawo mu kan tambayarka. Abin da iko ke bai wa mutum shi ne a yi abin da ya zaɓa idan ra'ayoyi suka rabu. Wannan babban abu ne kuma ana buƙatarsa, don sito mai ma'aikata goma da kowa ke jera kaya yadda ya ga dama ba zai kai wata guda ba. A wasiƙarka ka haɗa abubuwa biyu da suke ci maka rai, amma ba jinsinsu ɗaya ba. Jadawalin aiki da tsarin jera kaya hurumin manaja ne. Hanyoyin yin su da yawa, kowace da ribarta da asararta, dole wani ya zaɓi ɗaya, kuma shi aka ɗora wa wannan. Ka bi, ka kuma bi da zuciya ɗaya. Idan kana ganin tsohon tsari ya fi, ka auna na wata guda: minti nawa ake ɗauka a haɗa oda ɗaya, sau nawa aka fitar da sabon kaya aka bar mai gajeren wa'adi a baya. Ka kai masa lissafin sau ɗaya. In ya karɓa, madalla, in ya ƙi, ka sauke nauyinka. Kuma ka bar wa kanka ƙofar cewa kai ne ba ka gani daidai ba, don sabo da tsohon tsari kan sa mutum ya ɗauka shi ne mafi kyau. Yadda kujera ba ta mai da maganar manaja gaskiya, haka zama na ƙasa ba ya mai da taka gaskiya.

Zafin da firiji ya kai kuwa ba abin zaɓi ba ne. Ya riga ya faru, kuma babu muƙamin da ke komawa daren Asabar ya sauya shi. A shekarar 1897 majalisar wakilan jihar Indiyana ta Amurka ta amince, da ƙuri'a 67 ba hamayya ko ɗaya, da wani ƙudiri wanda lissafinsa ke nuna cewa idan aka raba kewayen da'ira da faɗinta za a sami 3.2. Wani malamin lissafi na jami'a ya wayar da kan 'yan majalisar dattawan jihar, suka jingine ƙudirin. Amma ko da ya zama doka, ka ɗauki zare ka kewaya bakin bokiti, ka raba da faɗin bakin, 3.14 da 'yar ɗoriya za ka samu, a Indiyana da ko'ina. Digiri 14 ɗinka irin wannan ne.

Shari'a ma, wadda ita ce gidan iko, ba ta taɓa da'awar cewa hukunci da gaskiya abu ɗaya ne ba. Da hukuncin alƙali shi ne gaskiya, da ba a gina kotun ɗaukaka ƙara ba. Ana zartar da hukunci don rigima ta ƙare, ana kuma barin hanyar gyara don an san mai hukunci mutum ne. Hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito ya fito da wannan ƙarara. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya gaya wa masu kawo masa ƙara cewa shi mutum ne, mai yiwuwa wani ya fi wani iya tsara hujja ya yanke masa bisa abin da ya ji, to duk wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yankin wuta aka yankar masa. Ka duba wanda ke maganar, ka duba girman ikonsa, sannan ka ga yadda ya raba hukuncin da aka yanke da gaskiyar abin da ya faru. Haka hadisin da ya ce mai hukunci idan ya yi ƙoƙari ya dace yana da lada biyu, idan ya yi ƙoƙari ya kuskure yana da ɗaya. An yaba masa ƙoƙarinsa, amma kuskuren an kira shi da sunansa.

Sai maganar sa hannu, wadda ita ce ta fi shafarka kai tsaye. Sa hannu a rajista shaida ce. Ma'anarta ita ce ni wane na ga ma'auni ya nuna kaza a lokaci kaza. Manaja na iya sa ka aiki, na iya hana ka aiki, na iya ma yanke cewa a fitar da kaya ya sa nasa hannun a kan wannan shawarar. Abin da ba shi da ikonsa shi ne ya ari idonka ya ce ka ga abin da ba ka gani ba. Ya ce shi zai amsa tambaya, kuma wataƙila da gaske yake nufi. Amma ranar da masu bincike suka zo, abin da suke yi shi ne su ajiye rajista kusa da bayanan na'ura su gwada. Inda suka saɓa, sunan da ke ƙasan shafin shi za a kira, kuma umarnin baki ba ya barin sawu. Ka lura da yadda abin ke sauya girma: janareta ya ƙi tashi tsautsayi ne, ana rubuta shi a gyara. Rajistar ƙarya laifi ce da aka yi da gangan, kuma ita ke jawo kora, ƙwace lasisi, wani lokaci har gurfana gaban kotu. Hujjar "sa ni aka yi" ba ta da ƙarfin da mutane ke zato. Ko a kotun Nurembag da aka kafa a 1945 don hukunta shugabannin Jamus bayan yaƙin duniya na biyu, sashe na 8 na dokarta ya ce bin umarnin na sama ba ya wanke mutum, iyakarsa a duba shi wajen sassauta hukunci. Al'amarinka bai kai nan kusa ba, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Kada ka raina kanka don abin ya yi maka nauyi har ya hana ka barci. Ƙin bin na gaba yana da wuya ga kusan kowa, har ga ƙwararru. A 1966 wani likita mai suna Charles Hofling ya yi gwaji a asibitoci a Amurka. Wani da ma'aikatan jinya ba su sani ba ya riƙa bugo waya yana cewa shi likita ne, a bai wa maras lafiya miligiram 20 na wani magani, alhali a jikin kwalin an rubuta cewa iyakarsa miligiram 10 a yini. Cikin ma'aikatan jinya 22, guda 21 sun ɗauko za su bayar sai da aka tare su. Maganin na bogi ne, ba wanda ya cutu. Abin lura shi ne da aka tambayi wasu ma'aikatan jinyar me za su yi a irin wannan hali, mafi yawansu cewa suka yi ba za su bayar ba. Kowa yana zaton zai tsaya, sai muryar mai iko ta shiga kunnensa.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne abin da ya faru a tsibirin Tenerife ranar 27 ga Maris 1977. Hazo ya rufe filin jirgi. Kyaftin ɗin jirgin KLM, wanda shi ne babban mai horar da matuƙan kamfanin, ya fara gudun tashi ba tare da cikakken izini ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko wani jirgi na kamfanin Pan Am da ke kan titin ya bar shi, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba wanda ya sake magana. Ashe jirgin Pan Am bai bar titin ba, jiragen biyu suka yi karo. Mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin gwani ne na gaske, kuma gwanintar tasa na cikin abin da ya sa na ƙasa da shi suka haɗiye shakkarsu. Bayan wannan da wasu haɗurran irinsa, kamfanonin jiragen sama suka fara koya wa ƙananan matuƙa yadda za su ja da kyaftin, suka kuma koya wa kyaftin yadda zai saurara. Ba su rage masa iko ba, har yau shi ke yanke shawara. Sun dai gane cewa shugaban da ba a iya gaya wa ya yi kuskure makaho ne a kan duk abin da idonsa bai kai ba. Da ma an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma shirun bafade a inda ya kamata ya yi magana na cikin muguntar.

To yaya za ka yi maganar ba tare da ta zama faɗa ba? Ka same shi shi kaɗai. Gyaran da aka yi wa shugaba a gaban na ƙasa da shi kusan kullum ƙi yake haifarwa, don a lokacin mutuncinsa yake karewa, maganar firiji ta riga ta fita daga ransa. Ka shiga da takardar bayanan na'ura a hannu, ka ajiye masa, ka bar lambobin su yi magana. Kada ka ce ya yi kuskure, kada ka tayar da zancen jadawali ko wani tsohon ƙorafi. Ka ce masa wani abu kamar haka: "Ranka ya daɗe, ba zan iya rubuta abin da na'ura ba ta nuna ba, don duk mai bincike zai gwada su biyun. Na ware kayan, na tanadi bayanan. In ka ba da izini a aika wa kamfanonin da suka haɗa su yau, wataƙila mafi yawa su ce a ci gaba da amfani da su." Akwai koyi a ladabin Hubabu ɗan Munzir ranar Badar. Kafin ya kawo shawarar sauya wurin sauka, sai da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko wurin umarni ne daga Allah ko kuwa dabarar yaƙi ce. Da aka ce dabara ce, ya faɗi tasa, aka kuma karɓa. Kai ma kana iya tambaya: wannan ƙa'idar kamfani ce a rubuce, ko shawararka ce? In ƙa'ida ce a nuna maka. In shawararsa ce, ya rubuta ta ya sa hannu.

Ka yi la'akari da abin da ke tsorata shi. Wata huɗu kacal da zuwansa, ga asara za ta hau kan sunansa. Mutumin da ke cikin wannan hali ya fi jin maganar da ta nuna masa mafita. Ka nuna masa cewa idan kamfanin yana da inshorar kaya, rahoton da aka yi a kan lokaci da bayanan na'ura su ake nema kafin a biya, kuma rajistar da ta ce komai lafiya ita ke rushe wannan damar. Ka zo masa da gyaran gaba: a riƙa tayar da janareta gwaji kowane mako a rubuta, a sa ƙararrawa mai kiran waya idan zafi ya haura digiri 8, a manna sunayen mutum biyu ko uku da za a kira da dare, a tanadi akwatunan sanyi da ƙanƙarar da za a kwashe kaya ciki. Da wannan zai shiga wurin nasa shugabannin a matsayin wanda ya gano ɓaraka ya toshe.

Kome ya ce, bayan kun rabu ka aika masa imel na layi biyar ko shida: abin da ya faru da lokacinsa, abin da ka ware, abin da kuka tattauna, abin da kake jira daga gare shi. Babu zargi, babu zafin rai. Ka cike rajistar da lambobin gaskiya, ka sa hannu a kan waɗannan. Idan akwai gurbin da ka bari, kada ka cike shi da kwanan watan baya, ka rubuta ranar da ka cike da dalilin jinkiri. Ka kuma buɗe ɗan littafi naka na kanka kana rubuta wa ya ce me, yaushe, a gaban wa.

Idan ya dage, mataki na gaba shi ne mai lasisin harhaɗa magunguna na siton, domin lasisinsa ne ke kan layi kuma a kan ingancin magani maganarsa ta fi ta manaja nauyi. Daga nan sashen kula da inganci in akwai, sai shugaban manajan. Idan duk suka toshe kunne kuma aka fara fitar da kayan, hukumar kula da magunguna ta ƙasarku ita ce wurin zuwa. Abin da ba za mu ba ka shawara ba shi ne ɗora zancen a Facebook ko zauren WhatsApp. Wannan zai ba su hujjar korarka da laifin fallasa sirrin kamfani, ya kuma mai da hankalin kowa kanka ya bar maganin. Idan kuwa wani abu daga cikin kayan ya riga ya fita tun Asabar, to wannan ya wuce gaban komai: a nemo takardun fitar da kaya, a kira waɗanda aka kai wa yau ɗin nan su dakatar da amfani da shi.

Ba za mu ɓoye maka ba, wannan tsayuwa tana iya jawo maka tsangwama, sauyin wurin aiki ko abin da ya fi haka. Ka karanta takardar ɗaukarka aiki, ka nemi ƙungiyar ma'aikata in kuna da ita, ka ji ta bakin lauya kan kariyar da dokar ƙasarku ta bai wa mai tona ɓarna. Kada ka ajiye aiki cikin fushi, kada kuma ka ba da wata ƙofa: ka zo a kan lokaci, ka bi jadawalin da ba ka so ɗin nan sau da ƙafa, don kowa ya ga abu ɗaya tak ka ƙi.

Game da Baba, tsoron kada ka rasa abincinka ne ya sa shi faɗar haka, kuma karin maganar da ya kawo tana da gurbinta, ita ce ma muka ce ka bi a kan jadawali. Amma malamai sun daɗe da sa mata iyaka. Akwai kwamandan da ya fusata ya sa aka hura wuta ya umarci mutanensa su shiga, suka ƙi, da labari ya kai ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce biyayya a cikin abin kirki kaɗai take. Sayyidina Abubakar ma a huɗubarsa ta farko bayan an yi masa mubaya'a cewa ya yi an shugabantar da shi alhali ba shi ne mafificinsu ba, in ya kyautata a taimake shi, in ya karkace a miƙar da shi. Ba sai ka yi wa Baba wa'azi da waɗannan ba, mai yiwuwa ya fi ka saninsu. Mai yiwuwa dai yadda ka ba shi labarin ya ji kamar saɓani ne tsakanin yaro da ubangidansa. Ka koma ka zauna da shi a natse, ka gaya masa cewa alluran nan jarirai za a yi wa, kuma in ƙarfinsu ya tafi uwa za ta koma gida tana zaton ɗanta ya sami kariya alhali bai samu ba. Ka ce masa takardar da ake so ka sa wa hannu shaida ce a kan abin da ba ka gani ba, sannan ka roƙe shi ya sa maka albarka kafin ka shiga ofishin manajan gobe da safe.